Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Yadda Sankara Ke Tasowa A Jiki Da Yadda Garkuwar Jiki Ke Farautarta

Barkanmu da sake haɗuwa a shirin wannan mako. Ga waɗanda data ba ta ishe su sauraro ba, ga shi a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau kan ciwon daji za mu yi magana. Wasu su ce sankara, wasu su ce kansa, duk dai abu ɗaya ne. Na san da yawanmu ko sunan ba ma son ji, da an ambata sai a ce Allah Ya raba mu da shi, a canza zance. Amin, Allah Ya raba mu. Amma ƙin maganar bai hana shi cin mutane ba. Ƙididdigar hukumar binciken sankara ta duniya ta nuna cewa a shekarar 2022 mutum kusan miliyan 20 ne suka kamu, kusan miliyan 10 suka rasu. A Najeriya kaɗai, sababbin kamuwa sun haura 120,000 a wannan shekarar. Kuma duk wanda ya taɓa raka mara lafiya babban asibiti ya san cewa mafi yawan namu ba sa isa sai abu ya yi nisa, bayan an gama zagayen masu tofi da masu saiwa, an ce jifa ne, an ce sammu ne.

To ni abin da nake so mu fahimta yau guda ɗaya ne. Sankara ƙwayar halittar jikinka ce, taka ta kanka, wadda ta lalace kaɗan-kaɗan cikin shekaru, ta kuma koyi yadda za ta ɓuya wa masu tsaron jiki. Idan ka san matakan da take bi, za ka ga wuraren da ake iya tare ta, kuma wasu wuraren suna hannunmu, kyauta ma. Ku biyo ni a hankali.

Mu fara da ƙwayar halitta. Kada a rikita ta da ƙwayar cuta. Ƙwayar halitta ita ce tubalin da aka gina jikinmu da shi, wadda a ajin kimiyya ake kira sel. Jikin baligi yana ɗauke da kusan tiriliyan 30 daga cikinsu. Kullum wasu na mutuwa, wasu na rabuwa biyu su cike gurbi, kimanin biliyan 330 a kowace rana, mafi yawa na jini ne da na cikin hanji. A cikin kusan kowace ƙwaya akwai kundin umarni, shi ne DNA. Ku ɗauke shi kamar littafi mai mujalladi 46, rabi daga uwa rabi daga uba, kowane rabi da haruffa kusan biliyan 3. A cikinsa akwai babi kusan 20,000, su ne ƙwayoyin gado, kowane babi yana bayanin yadda za a ƙera wani furotin da zai yi wani aiki.

Duk lokacin da ƙwaya za ta rabu biyu, sai ta kwafe littafin nan kaf. Duk wanda ya taɓa kwafar darasi daga allo ya san kuskure ba ya ƙarewa. Ga kuma abubuwan da ke lalata rubutun daga waje: hayaƙin taba, zafin hasken rana, guba a abinci, wasu ƙwayoyin cuta. Jiki yana da masu gyara da ke bin rubutun suna gyarawa dare da rana, kuma suna ƙoƙari matuƙa. Amma ɗan abin da ya kuɓuce musu yana zama, kuma duk 'ya'yan wannan ƙwayar za su gaje shi. Yawancin kurakuran ba sa cutar da kowa. Matsala tana farawa ne idan kuskure ya faɗa kan babin da ke kula da rabuwar ƙwayar.

Irin waɗannan babin kashi biyu ne. Akwai totur, akwai birki.

Misalin totur shi ne wani furotin da ake kira RAS. Lafiyayyar ƙwaya ba ta rabuwa sai an aiko mata saƙo daga waje, misali ka ji rauni ana buƙatar sabuwar fata. Saƙon ya iso bakin ƙwayar, RAS ya kunnu, ya miƙa saƙon ciki, sannan ya kashe kansa da kansa. A shekarar 1982 masu bincike a Amurka, ciki har da ɗakin binciken Robert Weinberg, suka duba RAS na wata sankarar mafitsara, suka tarar harafi ɗaya tak ne ya canza. Harafi ɗaya cikin biliyoyi. Wannan canjin ya sa RAS ya maƙale a kunne, yana ta cewa a rabu, a rabu, alhali ba wanda ya aiko shi. Kamar ɗan acaɓa ne totur ɗinsa ya maƙale a tsakiyar kasuwa. Yau an san cewa kusan ɗaya cikin biyar na masu sankara suna da irin wannan lalacewa a RAS.

Amma maƙalewar totur kaɗai ba ta isa ba, saboda akwai birki. Babba a cikinsu shi ne p53, wanda aka gano a 1979. Aikinsa shi ne, da ya ji DNA ya lalace, sai ya tsayar da ƙwayar ya hana ta rabuwa har a gyara. Idan ɓarnar ta fi ƙarfin gyara, sai ya ba ta umarni ta mutu, kuma ta mutu, cikin tsari, maƙwabta su share wurin. Wanda rana ta taɓa ƙona masa fata har ta saɓule ya ga irin wannan aiki da idonsa. A kusan rabin dukkan sankarar ɗan Adam, p53 ne ake samu a lalace. Mu kwafi biyu muke da shi, na uwa da na uba. Giwa tana da kusan 40, kamar yadda bincike ya nuna a 2015, kuma masana na ganin wannan na cikin dalilan da suka sa duk girman jikinta ba ta cika yin sankara ba.

Akwai wani birkin mai suna Rb, wanda aka gano ta hanyar sankarar idon ƙananan yara. Tun 1971 wani likita, Alfred Knudson, ya lura cewa sai kwafi biyun duka sun lalace ciwon ke tashi. Yaron da ya gaji ɗaya a lalace, saura ɗaya kawai ya rage masa, shi ya sa ciwon ke zuwa masa da wuri, wani lokaci a ido biyu. A nan ne gado ke shigowa, kuma sankarar da ake gada ba ta wuce kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ba. Bari in tsaya in faɗa wa iyaye da yayye: idan kuka ga tsakiyar idon yaro yana wani farin ƙyalli kamar idon mage da dare, musamman a hoton da aka ɗauka da hasken waya, ku kai shi wurin likitan ido a makon, kada a jira.

To totur ya maƙale, birki ya tsinke. Har yanzu akwai sauran shinge. Lafiyayyar ƙwaya tana da iyakar sau nawa za ta rabu, kusan sau 50, kamar yadda Leonard Hayflick ya nuna a 1961. A ƙarshen kowane mujalladin DNA akwai wani ɗan murfi da ake kira telomiya, kamar robar bakin igiyar takalmi. Duk rabuwa sai ya ɗan gajarce, idan ya ƙare ƙwayar ta tsufa ta tsaya. Kusan tara cikin goma na sankara suna kunna wani sinadari mai suna telomeres da ke sake tsawaita murfin, sai iyaka ta ɓace. Wata baƙar fata 'yar Amurka, Henrietta Lacks, ta rasu a 1951 tana da shekara 31, sankarar bakin mahaifa ce ajalinta. An ɗebi ƙwayoyin ciwon nata ba tare da izininta ba, kuma har yau, sama da shekara 70, suna nan suna rabuwa a ɗakunan bincike a faɗin duniya.

Sai maganar abinci. Ƙari ba ya iya wuce milimita ɗaya zuwa biyu, wato kamar ƙwayar gero, sai ya sami jijiyar jini. Judah Folkman ne ya fito da wannan a 1971. Ƙarin sai ya riƙa sakin wani saƙo mai suna VEGF, jijiyoyin jini na kusa su tsiro su nufo shi, ya jawo wa kansa layi kamar mai satar wutar lantarki. Daga nan wasu ƙwayoyin su saki maƙwabtansu, su huda bango, su bi jini ko hanyar kaluluwa su sauka a hanta, huhu, ƙashi ko ƙwaƙwalwa. Wannan yaɗuwar ce ke kashe mafi yawan masu sankara.

Ku lura da abu ɗaya: duk waɗannan matakai ba a rana ɗaya ake hawansu ba. A sankarar babban hanji, Bert Vogelstein da abokan aikinsa sun bi sawun abin: birki ɗaya ya lalace sai ɗan tsiro ya fito, RAS ya maƙale tsiron ya girma, p53 ya tafi sannan ya zama sankara. Tafiyar tana ɗaukar shekara goma, ashirin, ko fiye. Wato ciwon da ya kwantar da mutum yana shekara 50, mai yiwuwa ya fara ne yana shekarunmu na yanzu. Shi ya sa wannan magana tamu ce, mu matasa.

Yanzu wani zai ce, to idan kullum ana kuskure, me ya sa ba dukkanmu muke kwance ba? A nan garkuwar jiki ke shigowa.

Tun 1909 wani Bajamushe, Paul Ehrlich, ya yi hasashen cewa jiki na kashe ƙwayoyin da suka lalace tun kafin a gan su. Wajen ƙarshen shekarun 1950, Macfarlane Burnet da Lewis Thomas suka faɗaɗa maganar, suka ce garkuwar jiki sintiri take yi. An daɗe ana musu, har wasu suka watsar da batun. Sai a 2001 Robert Schreiber da tawagarsa a Amurka suka nuna cewa ɓerayen da ba su da cikakkiyar garkuwa sun fi sauran yin ƙari.

Ga yadda sintirin yake. Kusan kowace ƙwaya a jikinka tana ɗauke da wani abu a bayanta mai suna MHC, kamar faranti. Tana gutsuro ɗan yanki daga kowane furotin da take ƙerawa a ciki, ta ɗora a farantin, ta nuna wa duk mai wucewa. Masu wucewar su ne wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin T. Suna zagayawa suna dubawa. Idan abin da ke farantin na gida ne, su wuce. Idan harafi ya canza a DNA har furotin ya fito da wata baƙuwar siffa, ƙwayar T da ta gane shi sai ta manne, ta huda ɓatacciyar da wani furotin mai suna faforin, ta zuba mata sinadaran da za su sa ta mutu, ta ƙara gaba.

Mai wayo a cikin ɓatattun sai ta ce, to bari in ɓoye farantin gaba ɗaya. Akwai masu jiran wannan. Su ne ƙwayoyin NK. Wani ɗan Suwidin, Klas Kärre, ya bayyana yadda suke aiki a shekarun 1980: su rashin farantin ne ke tayar musu da hankali. Kamar 'yan sintirin unguwa ne, wasu na duba abin da ka ɗauko, wasu na kama wanda ya ƙi nuna katin shaida.

Schreiber da abokan aikinsa sun raba wannan fafatawa gida uku. Na farko, sharewa: masu tsaro su gama da ɓatattun, kai ba ka ma san an yi ba. Na biyu, kunnen doki: ba a gama da su ba, su ma ba su iya girma ba, a zauna a haka shekara da shekaru. Na uku, kuɓucewa.

Kunnen dokin nan akwai wani labari da ke nuna shi, likitoci a Sikotilan ne suka wallafa shi a 2003. An yi wa wata mata aikin cire sankarar fata mai suna melanoma, aka ce ta warke. Bayan shekara 16 ta rasu da wani dalili daban, aka dasa ƙodojinta biyu a jikin mutum biyu. Duk wanda aka yi wa dashe ana ba shi maganin da ke danne garkuwar jiki don kada ta ƙi sabuwar ƙodar. Sai ga melanoma ta tashi a jikin su biyun, har aka rasa ɗaya. Ma'ana shekara 16 ƙwayoyin na kwance a jikin matar, garkuwarta ta tsare su, da aka janye masu gadi suka miƙe. Haka kuma masu cutar HIV da ba sa shan magani suke yawan yin wata sankara mai suna Kaposi, mai fitowa kamar tabo a fata, kuma da maganin HIV ya wadata sai ta ragu ƙwarai.

To ta yaya ake kuɓucewa? Abin mamakin shi ne, sintirin da kansa yana tace su. Duk wadda ke da sauƙin ganewa an kashe ta, wadda ta rage ita ce gwanar ɓuya, kuma ita ce za ta hayayyafa. Wasu su daina nuna baƙon furotin. Wasu su jawo wasu ƙwayoyin garkuwa masu aikin kwantar da tarzoma, su kewaye kansu da su. Wasu kuma su yi amfani da birkin da ke jikin ƙwayar T kanta. Eh, ita ma tana da birki, don kada ta haukace ta afka wa lafiyayyen jiki. Wani ɗan Japan, Tasuku Honjo, ya gano ɗaya a 1992, sunansa PD-1. Sankara sai ta fito da wani abu mai suna PD-L1 a bayanta, ƙwayar T na isowa ya taɓa birkin, ta yi sanyi ta tsaya. Ga ɓarawo ga ɗan sanda, an cusa masa wani abu a hannu, ya kau da kai.

James Allison a Amurka, wanda ya yi aiki kan wani birkin mai suna CTLA-4, shi ya ce, me zai hana mu toshe birkin mu saki masu tsaro? Aka amince da maganin farko na wannan salo a 2011, kuma shi da Honjo suka karɓi lambar yabo ta Nobel a 2018. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, wanda mutanenmu suka sani da yaƙi da kurkunu, ya sanar a 2015 cewa melanoma ta kai masa hanta da ƙwaƙwalwa, yana da shekara 90. Aka yi masa aiki, aka yi masa gashi, aka ba shi maganin da ke toshe PD-1. Ya ƙara shekara tara a duniya, ya rasu a Disambar 2024 yana da shekara 100.

Amma kada mu ruɗi kanmu. Maganin nan ba kowa yake yi wa aiki ba, waɗanda yake yi wa ba su kai rabi ba. Yana iya sa garkuwa ta juya kan hanji ko huhun mai shi. Kuma allura ɗaya dubban daloli ce. Ɗan talaka a ƙauyenmu ba zai gan shi nan kusa ba. To mu ina tamu mafitar take? Tana can farkon labarin, wurin da bango ke fara tsagewa, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A yankinmu manyan masu tsaga bangon nan sanannu ne, kuma ana iya tare su.

Na farko HPV, ƙwayar cutar da ke haddasa kusan dukkan sankarar bakin mahaifa. Harald zur Hausen na Jamus ne ya tabbatar da alaƙar, ya gano nau'i na 16 da na 18 a 1983 da 1984, waɗanda su biyun ke jawo kusan kashi 70 cikin ɗari. Kun tuna birkin nan biyu? HPV tana ƙera furotin biyu, E6 da E7. E6 ya sa a lalata p53, E7 ya ɗaure Rb. Cutar ta yaɗu sosai, yawancin masu aure za su gamu da ita a rayuwarsu, mace mai miji ɗaya ma tana iya samu, don haka ba maganar tarbiyya ba ce. A kusan tara cikin goma, garkuwa na share ta cikin shekara biyu. Wadda ta maƙale ce ke zama sankara bayan shekara 15 zuwa 20. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mata kusan 12,000 suka kamu a Najeriya, kusan 8,000 suka rasu. A Oktoban 2023 Najeriya ta sa rigakafin HPV cikin alluran yau da kullum, ta fara da 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya, kyauta. Abin da allurar ke yi shi ne nuna wa garkuwa ɓawon cutar, ba cutar a ciki, don ta gane ta tun daga ƙofa. A Ingila, binciken 2021 ya nuna sankarar ta ragu da kashi 87 cikin ɗari ga waɗanda aka yi wa suna shekara 12 zuwa 13. Na ji ana yaɗa cewa tana hana haihuwa. Ƙasashe sun fara amfani da ita tun 2006, waɗanda aka yi wa a lokacin yau iyaye ne. Sankarar bakin mahaifa kuwa, ita ce ake cire wa mace mahaifa a kanta.

Na biyu, hanta. Abu biyu ne ke haɗuwa a kanta. Akwai ciwon hanta nau'in B. Jaririn da ya kamu a lokacin haihuwa, tara cikin goma cutar na zama masa har girma. Garkuwa ta yi ta faɗa da ita shekara da shekaru, hanta na mutuwa tana sake tsirowa, kwafi na ƙaruwa, kuskure na ƙaruwa. Sannan akwai afulatoksin, gubar da fumfuna ke saki a gyaɗa da masarar da ba su bushe da kyau ba. A 1991 aka duba sankarar hanta daga kudancin Afirka da wani yanki na ƙasar Sin, aka ga gubar nan wuri ɗaya take sara a babin p53, a gurbi na 249, kamar ta sa hannu. An ga tambarin nan a Gambiya ma. Wanda ya haɗa biyun, haɗarinsa ya ninka sau da yawa. Mu kuwa mutanen gyaɗa ne, ƙuli-ƙuli, tunkuza, kunun gyaɗa, tuwon masara. Dafuwa ba ta kashe gubar. A busar da amfanin gona sosai, a kan tabarma ko leda maimakon ƙasa, a tsince masu fumfuna da masu ɗaci a zubar, kada a mayar da su ƙuli ko abincin kaji. Cibiyar IITA da ke Ibadan tana da wani abu mai suna Aflasafe da ake watsawa a gona don rage gubar. Ga kuma allurar ciwon hanta da ake yi wa jariri cikin awa 24 na farko. Taiwan ta fara yi wa jarirai a 1984, sankarar hanta a yara ta ragu sosai.

Na uku ya shafi ƙannenmu. A 1958 wani likita, Denis Burkitt, ya ba da rahoton wani kumburin muƙamuƙi da ke kama yara a Yuganda, ya kuma lura ciwon na bin yankunan da sauro ya yi yawa. Daga samfurin da ya aika Landan aka gano ƙwayar cutar EBV a 1964, ta farko da aka danganta da sankarar ɗan Adam. Yawancinmu muna ɗauke da EBV, ƙwayoyin T na tsare da ita. Maleriya mai maimaituwa tana raunana wannan tsaro, tana kuma sa wasu fararen ƙwayoyin jini yawan rabuwa. Cikin haka wani totur mai suna MYC ya ɓalle daga mujalladi na 8 ya manne a na 14, wurin da ake karantawa ba tsayawa. Ƙarin na iya ninkuwa cikin kwana ɗaya ko biyu. Amma yana jin magani ƙwarai idan an je da wuri. Yaro ya tashi da kumburin fuska ko ciki mai girma da sauri, haƙora na girgiɗi, asibiti za a nufa. Gidan sauro ma yana cikin wannan yaƙi.

Na huɗu, mu kanmu. A hayaƙin taba akwai sinadarai kusan 70 da aka tabbatar suna jawo sankara, kuma an nuna ɗaya daga cikinsu yana manne wa babin p53 a huhu. Shisha da muke ɗauka gayu ce, hayaƙin taba ne da na gawayi, ruwan tulun ba ya wanke shi.

Sai gargaɗi ɗaya. Da an ce garkuwar jiki, masu tallan magani a soshiyal midiya za su taso da kwalba, wai tana ƙara garkuwa, tana narkar da sankara. Ku tuna abin da muka faɗa. Sankarar da ta kai girman da za a taɓa da hannu ta riga ta wuce shingen masu tsaro, ta iya ɓuya, ta iya taka musu birki. Shayi ko garin saiwa ba ya warware wannan. Abin da yake ci shi ne watannin da likita zai iya cire ƙarin tun bai yaɗu ba. A yi addu'a, a kuma tafi asibiti a ranar, ɗaya ba ya hana ɗaya.

To ga aikin da nake roƙon kowa ya ɗauka a wannan mako. Ka tambaya a gida, ƙannenka mata masu shekara 9 zuwa 14 an yi musu allurar HPV? Idan Baba ko Mama na da shakka, ka zauna ka yi musu bayani cikin ladabi, yanzu ka san E6 da E7. Ka je a gwada ka ciwon hanta nau'in B, idan ba ka da shi ka yi rigakafi, idan kana da shi ka riƙe likita. Yayarka ko matar yayanka mai ciki, ka tuna mata allurar ranar haihuwa, ko da a gida aka haihu. Iyayenmu mata da suka kai shekara 30, a raka su gwajin bakin mahaifa. Duk wanda ya ji ƙullutu a mama ko wuya, ko jini na fita ba lokacinsa ba, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ko rama ba dalili, kada a ce bari mu gani. Kuma mu tambayi waɗanda muka zaɓa, ina na'urorin gashi da wuraren gwaji a jihohinmu, tunda har yau mutane na tafiyar ɗaruruwan kilomita su bi layi na watanni.

A nan za mu dakata. Ku tura wa wanda kuke ganin zai amfana, musamman rukunin WhatsApp na gida, inda jita-jitar ta fi yawo. Masu fama da wannan ciwo Allah Ya ba su lafiya, masu jinya Allah Ya ba su lada da juriya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa. Wassalamu alaikum.